Ranar da Na Bar Kamara Ban Ga Darenta Ba

Sunana Idi, amma a Filinge in ka ce Idi kawai sai an tambaye ka wanne. Da can Idi Mai Rediyo ake ce mini, yanzu Idi Mai Kamara, shagon kuwa bai canza ba, ɗan ɗakin nan ne mai ƙofar kwano da ke bayan ƴan tireda. Samarin da ke cika mini benci da yamma su suka sa na zauna rubuta wannan. Duk wanda ya kalli abu biyu a wayarsa ya zama gwani. Ran nan wani daga cikinsu, hannu a aljihu, ya ce mini, "Baba Idi, mi na abin wuya ga aikin ga? Ka huda bango, ka ɗaure kusa huɗu, ka haɗa da waya, shi ke nan." Na ce masa ya yi gaskiya, da rana haka abin yake. Da rana ko akuya ka miƙa wa turnabis, abin murɗa kusa, za ta ɗaura kamara. Aikin yana farawa ne bayan rana ta faɗi.

Ba da kamara na fara ba. Da mahaifina ya cire rai da karatuna a lakwal, wato makarantar boko, sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Malam Hamidu mai gyaran rediyo, ya ce masa ga nama nan, ƙashi kawai za a mayar masa. Shekara bakwai na yi a ɗakin aikinsa. Kayan aikinmu duka ba su cika kwando ba: ƙarfen liƙi da muke ɗorawa a kan gawayi, dunƙulen dalma, tsohon buroshin haƙori, gwangwanin tumatir cike da kusoshi, da ma'aunin wuta guda ɗaya da Malam Hamidu yake naɗewa a cikin hularsa ta sanyi kamar jariri. Ban taɓa wannan ma'auni ba sai a shekarata ta uku. Ranar kasuwa manoma su sauko daga ƙauyukan Kurfai a kan jakuna, kowa da rediyonsa a ƙunshe cikin zanen matarsa, su jera su a ƙofa su tafi cin kasuwa. Har yau in ƙamshin dalma ya bugi hancina sai in ji kamar zan waiwaya in gan shi zaune a kan buhunsa, tabarau a ƙarshen hanci.

Doka ɗaya gare shi da ba ya sassautawa ko ga sarki. Rediyo ba ta barin shago sai ta kwana. Mai ita ya yi magiya, ya ce garinsu da nisa, Malam Hamidu ya ce, "Rediyo halinta biyu na. Ta rana daban, ta dare daban. Ni ban san ta dare ba tukuna, ƙaƙa za ni ba ka ita?" Bayan sallar isha mu fito da su waje mu jera a kan tabarma, ya dafa shayi, ya riƙa murɗa su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ne tashoshin nesa suke shigowa, waɗanda da rana ko ƙurarsu ba ka ji. Wadda ta yi lafiya lau da azahar sai ka ji tana shaƙewa, wadda muka ɗauka ta mutu sai ta kama Larabci tar. Ban taɓa jin daɗin zama irin na waɗannan darare ba, kuma ba na tsammanin zan ƙara ji.

Rediyo ta ja baya, muka koma faranti mai kama tashoshin talabijin, daga nan farantin hasken rana da batir. Malam Hamidu bai ga zamanin kamara ba. Ni ma da furfurata na koye ta, wata uku a Yamai a shagon wani da ya girmi ɗana da kaɗan, yana aike na sayen ruwan sanyi ina zuwa. Abin da na fahimta a can shi ne, kamarar tsaro ita ma halinta biyu. In duhu ya fara, za ka ji ta yi ɗan ƙas daga ciki, launuka su ɓace, hoto ya koma fari da baƙi. Waɗannan ƙananan fitilu da ke kewaye da idonta, masu ja kamar garwashi, su ne ke watsa wani haske da idon mutum ba ya gani amma ita tana gani. Mu dai hasken ɓoye muke ce masa. Ana ƙara masa ƙarfi, ana rage masa. Ana gaya wa kamara yawan duhun da za ta jira kafin ta juya zuwa halin dare, da irin motsin da za ta kula da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya daidaitawa rana tsaka, don da rana fitilun ma a kashe suke.

Aikina na farko a Filinge gidan wata hajiya ce mai sayar da atamfa. Na ɗaura mata kamara a saman ƙofar ɗakin kayanta, na haɗa da wayarta yadda in an yi motsi za ta yi ƙara. Kwana uku sai ga ta a shago, idanu jajur, ta ce in zo in cire tsiyata, aljanu sun mai da gidanta kasuwa, wayar ba ta bar ta ta runtsa ba. Ta nuna mini: wasu fararen abubuwa suna shawagi, ga wani ƙaton farin hannu da ke saukowa ya rufe hoton. Na je da magariba na hau tsani. Ƙwari ne suke bin ɗumin fitilun, gizo-gizo ya yi saƙarsa daidai bakin gilashin don ya kama su, tsaka kuma tana zuwa cin rabonta. Hannun aljanin cikin tsaka ne. Na share, na shafa ɗan man inji a gindin ƙarfen, na rage mata jin motsi. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, amma duk da haka sai da ta sa aka yi mata turaren tsari a ɗakin.

Wani aikin kuma a hanyar Abala, gidan mai sayar da hatsi, shi ya koya mini bangon laka. Kusa ba ta zama a cikinsa. Sai ka haƙa rami, ka cusa guntun ice mai tauri, ka yaɓe, ka jira ya bushe, sannan ka ɗaure kamara a jikin icen. In ka yi gaggawa, ruwan farko za ka tarar da ita tana lilo tana kallon ƙasa. A nan ne kuma na gane cewa bangon da aka shafa wa farar ƙasa abokin gaba ne. Hasken ɓoye ya bugi farin bango ya dawo cikin idon kamara, sai ta tsuke ido, tsakar gida duka ta koma baƙi ƙirin. Ɗan karkatarwa kaɗan, faɗin yatsa biyu, shi ne tsakanin gani da makanta. Zanzaro ma yana son gina ɗakinsa a ƙarƙashin hular kamara. Idon tunkiya kuwa da dare sai ka rantse tocila biyu aka kunna. Duk waɗannan ba a rubuta su a takardar da ke cikin kwali ba, don wanda ya rubuta ta bai taɓa kwana a garke ba.

Saboda haka na ɗauki dokar maigidana na ɗora wa kamara. Duk inda na yi aiki sai na kwana, ko aƙalla na kai bayan isha. In sa mai gida ya shigo ta ƙofa, ya bi gefen bango, ya tsuguna, ya yi gudu, ni ina kallon allo ina murɗawa, har sai na ga fuskarsa yadda uwarsa za ta gane shi. Ta haka na ci tuwon gidaje da yawa a ƙasar Kurfai, na kuma san wane ƙauye ne ya fi iya miyar kuka.

Sau ɗaya na karya dokar, a shekarar da hanya ta lalace.

Ku samari kun san shekarar, amma kuna yara. An hana hawan babur, mota ba ta motsi in rana ta yi sanyi, kowa yana son magariba ta same shi a bayan ƙofarsa. Ana kora dabbobi daga daji, kuma duk wanda aka kama da sunan ɓarawon dabba ba tambayar rago kawai za a yi masa ba, za a tambaye shi su wa yake kai wa a daji. Mutum yana iya tafiya amsa wannan tambaya a daɗe ba a gan shi ba. A cikin wannan hali Alhaji Namata ya aiko a kira ni. Garinsu yana gaba da Tabla, ba zan faɗi sunansa ba. Yana kiwon raguna don Layya, an riga an ɗauke masa biyu daga garken bayan gidansa. Na bi motar kasuwa da safe, na ɗaura kamara a kusurwar ɗakin ajiyarsa, daidai saman ƙyauren garken, na haɗa mata batir da ƙaramin allo a zaure. Hoto ya fito tas, har ana ƙirga gashin gemun bunsuru. La'asar ta yi, direba yana ta danna oda. Alhaji ya ce in kwana, an riga an kama kaza. Na tuna iyalina, na tuna hanya, na ce masa na bar ta a kan yadda masu ita suka daidaita ta, ba abin da zai faru. Ina cikin mota ina jin muryar Malam Hamidu a kunnena, na yi kamar ban ji ba.

Bayan kwana goma sha wani abu, ranar kasuwar Filinge, sai ga Alhaji Namata a shagona da mutum huɗu a bayansa. An ɗauki rago na uku, kamara ta ɗauka, an zuba hoton a waya. Ya miƙo mini. Mutum ne ya buɗe ƙyaure ya shiga, ya fito da rago. Fuskarsa ba ido ba hanci, farin dunƙule kawai, don ƙyauren yana dab da kamara kuma fitilun suna kan iyakar ƙarfinsu. Rigarsa doguwa, fara fat.

Alhaji ya ce, "Idi, huska dai ba mu samu ba. Amma duba mani, wagga riga wane launi ta?"

Na ce, "Hwara ta, Alhaji. Hwara sol."

"Ka tabbata?"

Kunya ce ta kama ni saboda fuskar da ba ta fito ba, ina neman abin da zan rufe bakinsu da shi. Sai na ɗaga murya yadda mutanen benci za su ji, na ce, "Ƙarhe bai ƙarya, Alhaji."

Suka kalli juna, ɗaya ya ce, "To, ga mai abu ya hwaɗi." Ban tambaye su abin da suke nufi ba. Sai da daddare wani direba ya ba ni sauran labarin. A garin nan mutum ɗaya ne ba ya sa komai sai fari, dare da rana, rani da damina, wani dattijo da ake kira Baba Gado. Yana cikin waɗanda suka riƙe al'adar kakanni. Tun yana saurayi ya yi wata doguwar rashin lafiya, masu bori suka ce iskan da ke kansa fari yake so, daga ranar bai ƙara sa wani launi ba. Kuma kowa ya san yakan fita kafin asuba ya zuba nono a gindin wata tsamiya, hanyar tsamiyar kuwa ta bayan garken Alhaji ta bi. Mai gari ya ba shi zuwa kasuwa mai zuwa, ko ya fito da rago, ko a miƙa shi ga jandarma. Na ji ba daɗi, amma na ce wa kaina ai abin da ido ya gani ne.

Kwana huɗu bayan haka ina shago bayan magariba, wuta ta ɗauke, ina gwada wata sabuwar kamara da batir, na juya ta tana kallon ƙofa. Matata Ramatu ta shigo da kwanon tuwo. Ta ajiye, ta leƙa allo, ta fashe da dariya.

"Maigida, yaushe kas sai mani hwarin hijabi ban sani ba?"

Na kalli allo, na kalle ta da tocila. Hijabinta baƙi ne wuluk, irin yadin nan mai santsi da ake kawowa daga kanti. A cikin allo kuwa fari ne kamar na mai shirin Arfa. Na ce ta juya, ta juya. Na ɗauko tsummoki na riƙa miƙawa gaban kamara. Wani baƙin ya zauna baƙi, wani ya koma toka-toka, wani ya yi fari fat, har da shuɗi mai duhu. Hasken ɓoye bai san rinin kanti ba, ratsa shi yake yi ya dawo da hasken zaren. Na sha ganin haka a gidajen mutane ban taɓa kula ba, don kullum fuska nake nema. Na zauna a kan buhu. Ramatu ta ce tuwon zai huce, na ce ta mayar da shi gida.

Washegari na rufe shago. Na sami motar hatsi zuwa Tabla, daga nan amalanken jaki, na isa da la'asar. Gidan Baba Gado na fara zuwa. Na tarar da shi zaune a inuwar rumbu, siriri, cikin farin saƙi da ya sha wanki, yana murza igiya a cinyarsa. Ƴarsa ta ce kwana biyar bai taka ƙofar gida ba, matan gidan ma sai rana ta take suke zuwa rijiya, lokacin da ba kowa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne.

Ya ce, "Kai na ubangidan ƙarhen?"

"Ni na, Baba."

"Na ce a kawo gatarin aradu in dahwa, ga damana bisa kai. Duk garin ga an san wanda yad dahwa shi bisa ƙarya bai ganin kaka. Da shi ubana yar rantse, da shi uban Namata yay yarda. Anka ce mani ba a bukata, ƙarhe ya riga ya yi magana, mai shi ma ya shaida can Hilinge." Ya ci gaba da murza igiyarsa. "To, ka zo ganin aikinka?"

Na gaya masa abin da na gano, na roƙe shi ya zo zauren Alhaji bayan isha. Ya girgiza kai.

"Ɗana, ni ba ni tsayawa gaban abin da bai san ni ba. Tahi ka yi abin da kaz zo yi."

Na je wajen mai gari, na ce masa, "Ranka shi daɗe, shaidata ta anka ɗauka, kuma shaidar ba daidai take ba. A tara mutane in warware ta gabansu." Bai so ba, don magana ta riga ta yi nisa, amma ya aika. Bayan isha zaure ya cika, mata suna leƙe ta taga. Alhaji Namata yana sanye da jallabiya shuɗiya mai duhu, fuskarsa a murtuke, yana ganin na zo kare mai bori ne. Na ce masa don Allah ya zaga ya buɗe ƙyauren garkensa ya shiga. Ya yi tsaki, amma ya tafi.

Sai ga shi a allo: doguwar riga fara fat, fuska farin dunƙule, yana buɗe ƙyaure. Wata tsohuwa daga taga ta ce, "La ilaha! Ga ɓarawon nan ya komo!" Aka kwashe da dariya, dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu. Na sa wasu mutum biyar masu duhun kaya suka bi ta wurin ɗaya bayan ɗaya. Huɗu daga cikinsu suka fito da fararen riguna. Da Alhaji ya dawo aka mayar masa da hoton kansa, ya kalla, ya kalli hannun rigarsa.

Daga nan na ɗauki tsani na yi aikin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na ɗaga kamara sama kaɗan, na kawar da idonta daga bangon ɗakin ajiya, na sauko na rage ƙarfin fitilun har kusan rabi, na kunna mata abin da ke sa ta rage haske da kanta in mutum ya matso. Ko shayi ɗaya ba a gama dafawa ba na gama. Na ce Alhaji ya ƙara shiga. Rigar dai fara, amma ga gemunsa, ga idanunsa, har zanen Kurfayawa da ke kumatunsa ana iya ƙirgawa. Na juya na gaya wa zauren cewa da na kwana a ranar, da fuskar ɓarawo tana nan kamar haka, laifin nawa ne, kuma abin da na faɗa a Filinge faɗar jahilci ce da girman kai.

Mai gari ya ce a sake sa hoton satar. Tsohon makiyayi ne shi kafin ya gaji ubansa. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ce a maimaita, aka maimaita sau uku.

Ya ce, "Dukanmu riga munka tsaya kallo. Ku dubi ragon. Ba a ja shi ba. Igiya ma sake take. Bin shi ya yi, awa wanda ka ba shi dussa kullum."

Alhaji Namata ya daɗe yana kallon yadda mutumin ya ɗaga ƙyauren kafin ya tura, don ƙyauren yana da ciwo, sai ɗan gida ya san haka. Sannan ya ce a hankali, "Idi, kashe shi." Ban san wanda ya gani ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ji daga baya cewa wani daga cikin gidansa ya tafi ci-rani ana dab da shuka, lokacin da masu ci-rani ke dawowa.

Da sassafe Alhaji ya ce in raka shi. Ya bar takalmansa tun daga ƙofar gidan Baba Gado, ya durƙusa a kan ƙasa da jallabiyarsa, ya ce, "Baba, na ci mutuncinka, na ci na ubana. Ka yahe mani." Tsohon ya bar shi a durƙushe har na fara jin nauyi, sannan ya ce, "Tashi, Namata. Ni na yi maka wankan jarirai da hannuna sa'adda uwarka ba ta lahiya. Tashi, ya wuce." Ya juyo gare ni. "Kai kuma abu guda nika so. Ka kau da idon abin ga daga hanyar tsamiya. Wanda nika zuwa gaidawa bai son ƴan kallo." Na koma na hau tsani na karkatar da ita, ta bar hanya ta tsaya a kan garke kaɗai. Ƴar Baba Gado ta ba ni fura a ƙwarya, na sha, na kama hanyar Tabla ina ganin na gyara abin da na ɓata.

Mutum nawa ne zaure yake ɗauka? Waɗanda suka ga gyaran su ke nan. Hoton satar kuwa tun ranar da aka zuba shi a waya ya bar garin, ya shiga Filinge, ya wuce Abala, ya tafi wajen ƴan ci-rani, ba wanda ya iya kiran shi ya dawo. Baba Gado ya ƙara damina biyu ya rasu. Na je gaisuwa, Alhaji Namata ne ya ɗauki gaban makara.

Bara, wani saurayi da ba na wannan gari ba ya kawo mini wayarsa ta cika ta daina ɗaukar hoto. Ina share masa tarkace sai ya leƙo ya ce, "A'a Baba, bar wannan, abin dariya na. Wani tsoho na mai bori, can wajen Tabla, kamara ta kama shi shina satar rago." Na buɗe. Ga ƙyauren, ga farar rigar, ga ragon yana bin sa. A ƙasa wani ya rubuta sunan Gado da manyan baƙaƙe.

Na jawo masa benci na ce ya zauna. Na ba shi labarin nan tun daga motar kasuwa har zuwa furar da na sha, ban rage laifina ba. Ya saurara da kyau, yaron kirki ne, har ya cire hularsa. Da na gama ya karɓi wayar ya goge hoton da hannunsa, ya ce Allah ya jiƙan tsohon. Sannan ya tsaya yana juya wayar a tafinsa.

Na ce, "Mi ya hwaru?"

Ya ce, "Baba, shekaranjiya na tura shi ga abokaina."